Asibitin kuɗin da anka yi wa ƙanwata aiki a Sakkwato: sun iya tiyata, amma daga sallama sun gama da kai

Tauraro biyu na ba su cikin biyar, ɗaya na likitan da ya fiddo yaron da rai, ɗaya na matan da ke share ɗakunan. Sauran ukun sun zube ne tun daga ranar sallama. Ba zan faɗi sunan wurin ba, wani asibitin kuɗi ne nan cikin garin Sakkwato, maganar za mu kai ta inda ya dace a duba ta, kuma abin da sunka yi muna ba su kaɗai ke yin shi ba, duk wanda ya taɓa jinya a garin nan zai tuna wani wuri da ya sani in ya karanta wanga bayani.

Bari in fara da abin da sunka iya, don haƙƙinsu ne a faɗa. Ƙanwata cikin fari ne, naƙuda ta yi tsawo ga jininta ya hau, cikin dare munka isa da ita a agwagwa da buje, wato keke napep. Wallahi ba su ce sai an biya kafin a taɓa ta ba, wanda dama haka doka ta ce, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 sashe na 20 ta hana a ƙi duba mutumin da ke cikin halin gaggawa, amma kun san wurare nawa ne ke bin hakan. Sista ta auna ta, ta kira likita a waya, kafin maigidanta ya gama cike kati likita ya iso. Ya saurari bugun zuciyar yaron yac ce wanga ba ya jiran safiya, aiki za a yi. Anka yi, yaro ya fito da kukanshi lafiya lau. Wannan alheri ba zan mance musu shi ba har abada.

Ɗakunan kwana fes, bayi akwai ruwa, suna da sola, fanka ba ta tsaya ba ko sau ɗaya, kuma watan Afrilu ne, wanda ya san zafin garin nan lokacin da yake wuce digiri 40 ya san darajar fanka ga mai ɗinki a ciki. Ba su barin 'yan dubiya su cika ɗaki, dangi sun ji haushi amma ni na ji daɗin haka ƙwarai. Akwai wata sistar dare mai haƙuri, ita ta koya wa ƙanwata yadda za ta riƙe yaro ta ba shi nono ba tare da ya danne mata wurin aikin ba. Kuɗi kam akwai tsada, wannan mun sani kafin mu zo, abin da bai yi mini ba shi ne rasit ɗaya dunƙule, an rubuta kuɗin aiki da magani da gado, ba ka san nawa ne na mi ba.

To sai ranar sallama. Likita ya leƙo da safe yana tsaye bakin ƙofa, yac ce Hajiya ya jiki, tac ce da sauƙi, yac ce to yau za ku gida. Shi ke nan zagayen. Bai ɗaga filasta ya ga ɗinkin ba, kuma matar da ta shigo da hawan jini ba a sake auna ta ranar ba, ina zaune wurin tun asuba. Abin da ya ɗauki lokaci kawai wajen kashiya ne, sai da tiransifa ta shiga anka ciro mata kanula. Magani anka ba mu cikin 'yan ƙananan ledoji, ƙwayoyi tsirara ba kwali ba suna, an ja layi uku a wata leda, layi biyu a wata. Na tambayi yarinyar da ke ɗakin magani, Malama wanga na mi ne, tac ce Anti ki ba ta kawai yadda anka rubuta. Takardar sallama babu. Kati suna riƙe da shi. Lambar wayar da za a kira in wani abu ya taso babu. Abu ɗaya sunka gaya muna, ranar da za a dawo cire zare. Ko mai gyaran waya a kasuwa in ya miƙo maka wayarka yakan ce in ta sake ɗaukewa ko ta yi zafi ka dawo da ita, su ko an yanka cikin mutum an ɗinke, ba wanda ya ce ga abin da in kun gani ku rugo.

Nan ne sakacin ya fara a ganina, tun kafin ciwo ya bayyana. Daga baya na ji daga bakin ma'aikatan lafiya cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a duba mai jego cikin awa 24 na farko, a sake tsakanin awa 48 zuwa 72, a sake tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a sati na 6. Kuma jinin mai jego yakan fi hawa tsakanin kwana na 3 zuwa na 6 bayan haihuwa, wato daidai lokacin da take gida ana ta hidimar suna. Wanda ya san wannan ya saki mai hawan jini ba awo ba magana, mi za a kira shi?

Cikin satin farko jikinta ya fara zafi da yamma tana rawar ɗari. A gida kowa da nashi, Inna tac ce zazzaɓin nono ne, goggon mijinta tac ce rashin wankan jego ne tunda mun hana a zuba mata tafasasshen ruwa da ganye. Mun hana kam, kuma filastar ba ta taɓa jiƙewa ba, ku riƙe wannan don zai dawo. Na sayo ma'aunin zafin jiki a kemis, ya nuna sama da 38. Wurin aikin kuma maimakon ciwonshi ya dinga raguwa kullum, sai ƙaruwa yake, tana cewa Yaya kamar ana soka mini abu, gefen filastar ya yi ja ya ɗau zafi ya taurare. Munka koma da ita.

Wagga komawa ita ta fi ƙona mini rai. An ce mu sake biyan kuɗin ganin likita, mun biya. Wani saurayin likita munka iske, ba wanda ya yi aikin ba. Yana jin zazzaɓi ya fara rubutu, maleriya ce. Ba gwaji, alhali gwajin maleriya na tsinke minti 15 zuwa 20 ne, kuma tun 2010 ƙa'idar ita ce a gwada kafin a ba da magani. Na ce Likita don Allah ka duba ɗinkin, yac ce ba a buɗe filasta sai ranar cire zare. Na ce to kanta na ciwo a auna jininta, sista tac ce abin awon na ɗakin haihuwa ana aiki da shi. Sannan ya ƙara da cewa ku mutanen nan da wankan ruwan zafinku ku ke jawo ma kanku. Ya ɗora muna laifin abin da bai faru ba, kan ciwon da bai kalla ba. Allura sunka yi mata munka dawo gida.

Ba a jima ba abin ya fito fili. Filasta ta jiƙe da wani ruwa mai wari, rawaya-rawaya, zanin gado ya ɓaci. Numfashinta ya yi sauri kamar wadda ta yi gudu alhali kwance take, fitsari tun safe ɗan kaɗan ta yi kuma ja, ana mata magana tana amsa wani abu daban. Maƙwabciyarmu tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, muna ce mata Mama, ta shigo ta riƙe hannunta ta ƙirga numfashi, tac ce ɗiyata ba a kwana da wanga, ku ɗauke ta yanzu, babban mutum da ke kwance yana numfashi sama da sau 22 a minti ga zazzaɓi ga ruɗewa, ƙwayar cuta ce ke neman shiga jini. Munka wuce asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wato UDUTH, can Gawon Nama.

Suna ɗaga filastar mugunya ta biyo. Sun kwance wani sashen ɗinkin sun wanke, sun ɗebi mugunyar zuwa lab, sun sa ƙarin ruwa da antibayotik ta jijiya, jininta kuma ya wuce 160 bisa 110, sunka ce wannan matakin shi ke kai mai jego ga jijjiga ko shanyewar ɓarin jiki. Sai tambayoyi. Wane antibayotik take sha, an yi mata ƙarin jini, mi anka gani lokacin aikin, wace allura anka yi mata da kunka koma. Na zazzage ledojin nan bisa tebur, likita ya juya ƙwayoyin yac ce ba zai iya rantsuwa kan ko ɗaya ba tunda ba suna. Maigidanta ya hau kabu-kabu ya koma neman takardar bayani, sunka ce mai rubutawa ba ya nan, ya koma sunka ce sai manaja ya sa hannu, ya koma sunka ce fayil na asibiti ne ba a fita da shi. Ba fayil munka nema ba, taƙaitaccen bayani ne don a ceci ran matar da su sunka yi wa aiki.

Likitocin can ba su zagi kowa ba, kuma ɗaya daga cikinsu ta gaya mini wata magana da nake son in yi adalci in faɗe ta. Tac ce ɗinki na iya ruɓa ko a asibitin da ya fi kowane kyau a duniya, yakan bayyana tsakanin kwana 4 zuwa 7, wani har cikin kwana 30, don haka ruɓar kaɗai ba ta isa a ce an yi sakaci ba. Na yarda. Ban ce su sunka sa mata ƙwayar cuta ba, ban shiga ɗakin tiyata ba. Abin da na gani da idona shi nake rubutawa: an sallame ta ba bayani, an ba ta maganin da ba suna, ta dawo da alamun da ko Mama mai ritaya ta gane da hannu an ƙi duba wurin, an ɗora mata laifi, sannan an riƙe takarda. Da an ɗaga filastar nan ranar da munka koma, da wanki da ƙwayoyi ƙila sun isa, ba sai an kai ga kwanciya an raba ta da jaririnta ba.

Zaman jinya a babban asibiti ya sa na ji na ga abubuwa da yawa da ke bayyana bayan an sallami mutum, masu jinya in dare ya yi hira ake ta yi a baranda kan tabarma. Akwai matar da bayan an yi mata aikin haihuwa a wani wuri ta koma gida fitsari ya fara zubo mata ba tsayawa, dangi na ɓoyewa don kunya, alhali wani lokaci mafitsara ce ko bututun fitsari anka taɓa wajen aikin, kuma ana gyara shi, asibitin mata da yara na Maryam Abacha nan cikin gari ma suna aikin yoyon fitsari. Sistocin ɗakin kullum suna jaddada ma masu jego jini, in kin jiƙe audugar mata sharkaf cikin awa ɗaya ko gudaji manya na fita ko jinin ya koma wari, kada ki jira gari ya waye. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙari na dama, hawan jini ne har sai awo ya nuna ba shi ba ne, kuma yana iya zuwa har sati 6 bayan haihuwa. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ƙafa ɗaya ta kumbura, ɗaya kawai, sha-raɓa na ciwo da zafi, mu a gida sai a kira mai tausa ko a ɗaura magani, ashe jini ne ya daskare a jijiya, in gudan ya ɓalle ya tafi huhu sai dai a ji ƙirji ya riƙe numfashi ya gagara. Shi ya sa ake tada wanda anka yi wa aiki ya fara takawa da wuri, kuma asibitin kirki zai gaya maka dalili.

Ba masu haihuwa kaɗai ba. Yaron da anka yi wa allura a ɗuwawu ya tashi yana jan ƙafa, tafin na faɗuwa in zai taka, wannan babbar jijiyar ƙafa ce allura ta samu, ba shan inna ba ce ba kuma iska ba, a kai shi da wuri. Wanda anka sa wa siminti a karaya yatsunshi sunka kumbura sunka yi sanyi ko baƙi, ciwo na ƙaruwa ko an sha magani, simintin ya matse, awoyi ne tsakaninshi da rasa hannun. Wanda ya fara sabon magani jiki ya feso da ƙuraje, leɓe da ido da baki sunka fara saɓulewa, a tsayar da maganin a ruga, irin su Septrin da Fansidar an san su da haka ga wasu mutane, shi ya sa tambayar ko akwai maganin da jikinka ba ya so ba tambayar banza ba ce, mu ba wanda ya yi muna ita. Sai wanda anka yi wa aikin ciki, an yi makonni ko watanni yana fama da ciwo wuri ɗaya da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da kumburi ko ɗinki mai tsatsar ruwa ya ƙi rufewa, a nemi sikanin, don ana mance ƙyallen tsane jini a ciki. Takardar binciken tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta ce sai an ƙirga ƙyallaye da allurai da kayan aiki kafin mara lafiya ya bar ɗakin, inda ake bin ta da wuya haka ta faru.

Da munka fara maganar kai ƙorafi, manya a gida sunka ce a bar ma Allah, ƙaddara ce, tunda ta rayu a gode. Mun gode, kuma na yi imani da ƙaddara mai daɗi da mara daɗi, amma amana ce anka ba su kuma an biya su, addininmu bai ce wanda ya yi wasa da amana a yi mishi shiru ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 10 na cutuwa a wajen neman magani, kuma sama da rabin wannan cutuwa ana iya kauce mata. Shirun da muke yi ne ya sa saurayin likitan nan zai sake ce ma wata maleriya ce gobe, wata kuma ba ta da Mama a maƙwabta.

Na koma na ga manajan da kaina. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera da ruwa, ya yi jaje. Amma labarin ya sauya, yac ce a rubuce yake an duba ɗinkin ranar da munka koma kuma an auna jini. Na ce Alhaji ni ce na riƙe ta ranar, filastar da sunka sallame mu da ita da ita munka isa UDUTH. Sai yac ce za su maido muna kuɗin ganin likita na biyu, a bar maganar nan. Ku lura da waɗannan biyun, rubutun da bai dace da abin da kunka gani ba, da kyautar da ke zuwa tare da a yi shiru. Ban karɓa ba. Na ce takardar bayani nake so, da su fara rubuta sunan magani a leda, da su ba kowa takardar sallama.

Ga wanda bai sani ba, tun 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin mara lafiya ta hannun hukumar kare haƙƙin masu saye, wadda yanzu ake kira FCCPC, a ciki akwai haƙƙin a yi maka bayani da harshen da kake ji, haƙƙin ganin bayanan jinyarka, haƙƙin lissafin kuɗi dalla-dalla, da haƙƙin kai ƙorafi. Likita kuma hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, ce ke ba shi lasisi, tana da kwamitin bincike, ana kai ƙorafi ne a rubuce da takardar rantsuwa ta kotu, in sun ga akwai abin amsawa su tura kotun ladabtarwarsu, wadda ke iya jan kunne ko dakatarwa ko soke suna. Ba su ba da diyya, mai neman diyya sai kotu da lauya. Nas da ungozoma suna da tasu hukumar daban, asibitin kuɗi kuma ma'aikatar lafiya ta jiha ce ke mishi rajista, asibitocin tarayya suna da tebur ɗin karɓar ƙorafi na SERVICOM. Duk inda za ka je shaida za a tambaye ka, mu abin da ya taimake mu shi ne ban yar da ko rasit ɗaya ba, ledojin maganin suna nan, hotunan filastar da na ma'aunin zafi suna waya da kwanan wata, kuma duk abin da anka faɗa muna ina rubuta shi a littafi da sa'a da wanda ya faɗa.

Shin zan tura wani can? In dare ne kuma rai na hannun Allah kuma su ne kusa, je ka, hannun likitan nan na aiki yana da kyau. Amma kada ka biya kuɗin sallama sai an ɗaga filasta a gabanka, an auna jini da zafin jiki an gaya maka lambar, an rubuta sunan kowane magani da ranar gama shi, an ba ka takardar abin da anka yi, an kuma ba ka lambar wanda zai ɗauka ƙarfe biyun dare. In ka dawo da ƙorafi likita ya kama biro kafin ya kalli wurin, tashi ka nufi asibitin Specialist ko UDUTH, kada ka tsaya jayayya. Mai ciwon suga ko hawan jini ko duk wanda jinyarshi ke buƙatar bibiya bayan an koma gida, gaskiya ban ba shi shawarar wurin ba.

Ƙanwata an sallamo ta, wannan karon da takarda shafi guda da sunayen magunguna da ranakun dawowa. Ana ci gaba da wanke ciwon, sun ce sai naman ya taso ja daga ciki sannan su sake ɗinkewa, maganin hawan jini kuma tana sha muna auna ta safe da yamma. Nono ya ragu lokacin kwanciyar amma yana dawowa. Takardar bayani daga asibitin farko har yau ba ta fito ba, sati mai zuwa ni da maigidanta za mu babbar kotu mu yi takardar rantsuwa mu haɗa da rasit da hotuna mu aika MDCN, kwafi ɗaya kuma mu kai ma'aikatar lafiya.